Guzuri a Ƙafar Jirgi

Cokalin da Ambrose ya zaro daga aljihun rigarsa huji ne reras a mariƙinsa. Hester ta hango shi sa'ad da take ajiye masa kwanon miya, ta yi kamar ba ta gani ba, ta koma bakin murhu. Amma idonta ya ƙi rabuwa da cokalin.

"Akwai cokula a gidan nan," ta ce. "Lalacewarmu ba ta kai haka ba tukuna."

"Na saba da nawa, Yaya."

Rabonta da ƙanin nata tun ranar da ya ɗauki akwatin kwali ya tafi Boston koyon gyaran mota. Sai yau da hantsi ya faɗo mata daga sama. Wani jirgin sama mai suna Marigold ya kewaya hasumiyar coci, ya tarwatsa awakin Goggo Tryphena, sannan ya sauka a ruwan tashar Merrow bisa ƙafafunsa biyu dogaye masu kama da rufaffun kwale-kwale. Mutum biyu suka fito. Ɗaya shi ne Kyaftin Whitcomb, dogon Ba'amurke mai gashin baki, wanda ya ci alwashin sai ya kewaye duniya kafin sanyin 1928 ya shigo. Ɗayan makanikensa ne, ramamme, fuska duk baƙin mai, ya tsaya kan dandamalin katako inda ake ɗaure kwale-kwale ya ce, "Yaya Hester, akwai miya?"

Kawu Eli, dattijon masuntan garin, shi ya tare Kyaftin da tambaya. "To daga nan sai ina?"

"Greenland," in ji Kyaftin. "Daga can Iceland, haka-haka har mu dawo inda muka taso."

"Inda kuka taso za ku koma?" Kawu Eli ya sosa ƙeya. "To me ya tashe ku?"

Yanzu ga Ambrose a kujerar mahaifinsu yana shan miya, Hester kuma tana rataye masa babbar riga, hannunta yana yawo a aljihu ba tare da ta aike shi ba. Ta ci karo da buroshin haƙori da aka gutsure wa mariƙi. Sabulu ɗan guntu kamar an ƙwato shi daga bakin ɓera. Maɓallan hannun rigar duk an cire.

"Auta, gaya mini tsakaninka da Allah. Mutumin nan yana ba ka abinci kuwa?"

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. "Nauyi ne, Yaya! Tsakanin nan da Greenland babu inda za mu tsaya shan mai. Duk abin da muka rage a jikinmu, mai muke zubawa a madadinsa. Kyaftin har gefen taswirarsa ya bi da almakashi. Ni kaina da ƙyar na sami kujera. Akwatin rediyo ya so ɗauka, sai da na daina cin burodi har na zama ban kai shi nauyi ba." Ya lashe cokalin. "Ya ce duk ranar da jirgin ya ƙi tashi, ni ne kayan farko da zai sauke."

Ya sake dariya. Hester ba ta taya shi ba. Ta ninke maganar ta ajiye a wani lungu na zuciyarta, kamar yadda take ajiye guntun zare ba tare da ta san ranar amfaninsa ba.

Tun rasuwar mahaifiyarsu ita kaɗai ce a gidan. Ɗakin Ambrose na nan yadda ya bar shi. Kwale-kwalen mahaifinsu na kife a bayan gida, kowace bazara sai ta shafa masa koren fenti, maƙwabta na tambayarta wa zai tuƙa, tana ce musu itacen take karewa daga ruɓewa.

Kafin rana ta yi tsaka, labarin cokalin ya gama gari. Ba Hester ta kai shi ba. Goggo Tryphena ce, wadda ta leƙo aron gishiri, ta fita ba gishiri sai labari. Wata kuma ta ga taswirar Kyaftin ba gefe. Wani ya lura rigarsa ɗaya ce tak.

"Bayin Allah," in ji Goggo Tryphena a bakin rijiya, hannu a ƙirji. "Ashe yunwa ce ta kore su daga ƙasa suka hau sama."

A Merrow ba a miƙa wa matafiyi guzuri a hannu. Wanda aka miƙa wa sai ya yi godiya, ko ya ce a bar shi, kuma duka biyun ɓata lokaci ne. Ɓoye masa ake yi a cikin jirginsa, ƙarƙashin taru ko bayan gangar ruwa, sai ya yi nisa a teku ya gano, lokacin da ba halin mayarwa. Kowane gida da nasa. Kuma abin da ya shiga ba ya fitowa. Sau ɗaya kawai ake kwashe guzuri daga jirgi a tashar Merrow: idan jirgin ya dawo ba mai shi.

Don haka da la'asar aka gayyaci baƙin shan shayi a zauren coci, aka raɗa wa fasto ya ja jawabinsa iya ƙarfinsa, abin da bai taɓa buƙatar a roƙe shi ba. Sauran gari suka gangara dandamali da kwanduna.

Matsalar ita ce cikin jirgin ba wurin ɓoye ko ƙwai. Kawu Eli ya kewaya shi a kwale-kwale yana ƙwanƙwasa nan da can, har ya gano murafe a saman ƙafafun nan biyu. Ya kwance ɗaya da wuƙarsa, ya zura kai, ya ɗago fuska a washe.

"Fanko! Ɗakuna ne reras, ba komai a ciki. Ku ga asarar wuri!"

Aka fara miƙowa. Busasshen kifi mai gishiri, ɗauri-ɗauri. Burodin maɗi. Naman alade cikin tsumma. Dankali, kabeji, kwalaben 'ya'yan itace da aka dafa da sukari. Safa ta ulu har ba a san yawanta ba. Wani ya kawo kwalbar barasa, ya ce magani ce.

Hester na tsaye a gefe, hannaye cikin aljihun riga. Ba gwanar magana a taro ba ce, amma ta matso kusa da Goggo.

"Goggo, ya ce mini wai nauyi..."

"Nauyin burodi?" Goggo Tryphena ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ke Hester! Kwale-kwalen marigayi mijina kan ɗauko kifi har baki, ga shi ga ƙannensa biyu masu tumbi, kuma ko fiffike ɗaya ba shi da shi. Wannan mai fukafukai har huɗu ne burodi zai kayar?"

Aka kwashe da dariya. Hester ta ja baya. Ta faɗa, ba su ji ba. Ta yi nata.

Tana tsaye tana kallon ƙafafun jirgin suna ɗan nutsewa a hankali, sai guntun zaren nan da ta ajiye ya motsa. Ni ne kayan farko da zai sauke.

Ta hau tudu zuwa gida. Da ta dawo tana rungume da tukunyar ƙarfen mahaifiyarsu, baƙa wuluk, wadda sai da hannu biyu ake ɗaga ta, cike da dafaffiyar fulawa mai zabibi da Ambrose ke so tun yana yaro.

"Har da tukunyar?" in ji Kawu Eli, yana nishi sa'ad da ya karɓa.

"Don kada ta huce," in ji Hester, tana kallon ruwa.

Sai da ya karkata ta kafin ta shige. Ya mayar da murafen ya ɗaure tam, ya goge wurin da hularsa.

Washegari gari ya waye tas, iska na kaɗawa daga bakin tasha daidai yadda Kyaftin ke so. An cika tankuna da mai tun jiya. Ambrose ya bi jirgin lungu-lungu. Ya zura famfo ta ƙananan bututun ƙafafun don ya ji ko ruwa ya shiga, bai sami ko ɗigo ba, don haka bai ga dalilin buɗe murafe ba. Ya lura jirgin ya zauna cikin ruwa fiye da jiya, ya ce ai mai ne.

Ya rungumi Hester da sauri, irin rungumar wanda hankalinsa ya riga shi tafiya. "Zan aiko miki da kati daga Japan."

"Ka rufe wuyanka," ta ce.

Farfela ta juya, injin ya yi tari ya kama. Marigold ta miƙe kan ruwa tana ruri, tana feshi hagu da dama, ta yi gudu, ta ƙara gudu, ta kai har bakin duwatsu. Sannan ta rage murya ta juyo kamar agwagwar da ta canza shawara.

"Ɗumama jiki take yi," in ji wani.

Ta sake gwadawa. Wannan karon ta ɗaga hanci, ƙafa ɗaya ta kusa rabuwa da ruwa, sai ta koma ta zauna daɓas.

"Ni fa tun jiya na ce abin nan ba zai tashi ba," in ji Kawu Eli. "Saukowa kowa ya iya."

"To yaya aka yi ya hau tun farko?"

"Wataƙila daga kan dutse suka turo shi."

A gwaji na gaba ma haka. Da jirgin ya dawo kusa da dandamali aka kashe injin, kowa ya ji muryar Kyaftin, don ba mutum ba ne mai raɗa.

"Ban gane ba! Lissafina daidai yake. Dubi can." Ya nuna bakin teku, inda wani farin hazo ya fara taruwa. "Idan wancan ya rufe mu, mun kwana mako a nan, ƙanƙara kuma ta rufe Greenland. Ba zan rage mai ba. Ambrose, ka san abin da muka yi da kai."

"Kyaftin, tsaya." Ambrose ya tuɓe takalmansa ya jefa cikin kwale-kwalen Kawu Eli. Ya cire babbar riga. Ya kwance ɗamara. "Ga akwatin sufana ma, a bar rabi. Mu sake gwadawa."

"Ko tsirara ka yi ba za ta tashi ba, ɗana. Ba takalmi ne ya riƙe ta ba." Kyaftin ya kau da kai yana murza gashin baki. "Ka yi haƙuri. Sauka."

Mutanen dandamali suka fara kallon juna. Wasu sun saci kallon ƙafafun jirgin, suka mayar da ido sama. Guzuri ba a maganarsa. Kuma ai burodi ne kawai.

Kawu Eli ya tuƙo Ambrose zuwa gaɓa. Ambrose ya hau matakala da safa, ɗaya ta huje a babban yatsa, takalma a hannu. Ya zo ya tsaya kusa da yayarsa.

Shi ke nan. Abin da Hester ta so ya samu. Ɗaki a share yake, kwale-kwale da sabon fenti. Ta jira daɗin ya zo.

"To, Yaya," in ji Ambrose, da wata murya mai fara'a da ba tasa ba. "Me za a dafa yau? Yanzu kam zan ci burodi har in fashe." Ya zaro cokalin mai huji ya jefa cikin aljihun rigarta. "Ki haɗa da na gida. Zai yi kyau wajen tace shayi."

Ta dube shi. Bakinsa na murmushi, amma idonsa na kan jirgin, inda Kyaftin ke ƙoƙarin murza farfela shi kaɗai, yatsun Ambrose kuwa na motsi a gefen wandonsa kamar su ke riƙe da ita. Haka ya tsaya ranar da aka binne mahaifinsu, yana ɗan shekara goma, yana tambayar kowa ko a kawo masa kujera.

Daɗin bai zo ba.

Hester ta tattare siket ɗinta ta sauka matakala. "Kawu, matsa."

"Ina za ki?"

"Ba ni wuƙarka."

Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a taro ba, ta kama filafilai ta tuƙa kwale-kwalen da kanta, gari duka na kallo. Ta ɗaure shi a ƙafar jirgin ta dama, ta durƙusa ta fara kwance murfi.

"Baiwar Allah, me kike yi wa jirgina?" in ji Kyaftin.

Ta zura hannu har kafaɗa, ta zaro ɗaurin busasshen kifi ta ajiye a kwale-kwale. Ta zaro burodi. Ta zaro kabeji.

Bakin Kyaftin ya buɗe, bai rufu ba.

"Hester!" Goggo Tryphena ta ƙwalla daga dandamali. "Kin yi hauka? Da ransu da lafiyarsu kike kwashe musu guzuri? Fatan me kike yi wa ƙaninki?"

"Fatan ya tashi, Goggo," in ji Hester, ba ta ɗago ba.

"Wannan... kabeji ne?" in ji Kyaftin a hankali. "A cikin jirgina?"

"Akwai dankali a ta hagu," in ji Kawu Eli, yana kallon gajimare. "Haka na ji ana faɗa."

Ambrose ya riga ya faɗo wani kwale-kwalen. Su biyu suka yi ta fitarwa, murfi bayan murfi, kaya na taruwa har kwale-kwalen Kawu Eli ya fara nutso. Kyaftin na tsaye a kan fiffike yana bin kowane abu da ido. Da kwalbar barasa ta fito ya ɗaga yatsa kamar zai yi magana, ya tuna lissafinsa, ya sauke.

Daga ƙarshe hannun Ambrose ya taɓa ƙarfe. Ya ja, ya karkata, ya ja, tukunyar ta fito. Ya riƙe ta da hannu biyu yana jin nauyinta.

"Wannan ta Mama ce."

"Ita ce."

"Na gaya miki maganar nauyi, Yaya."

"Ka gaya mini."

Ya dube ta, ta dubi tukunyar. Ruwa na ɗan bugun gefen kwale-kwale. Sai ya buɗe murfin, ya yanko dafaffiyar fulawar da yatsu, ya cusa a baki har kumatunsa suka cika.

"Abin da ya riga ya shiga ciki ba a auna shi," ya ce da cikakken baki. "Ko, Kyaftin?"

"Sa takalminka," in ji Kyaftin. "Hazo ba ya jiran mai ci."

A dandamali Goggo Tryphena ta zauna kan gangar kifi tana share hawaye da gefen mayafi. "Haka za su tafi ba guzuri. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa yi ba. Jirgi fanko!"

Saura murfi ɗaya a rufe. Ambrose ya haura wajen injin, Kyaftin ya shige kujerarsa yana duba agogon mai. Hester ta juya musu baya. Ta ɓallo ɗan ɓawon burodin Goggo, wanda bai kai tafin hannu ba, ta ciro cokali mai huji daga aljihu, ta naɗe su cikin hankicinta, ta saka can ƙasan ƙafar jirgin. Ta mayar da murfin ta ɗaure.

Kawu Eli ya gani. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga kai ya yi wa Goggo wata alama da gira. Goggo ta daina kuka nan take, ta gyara zama, ta tambaya wa ya ga kwalbar 'ya'yan itacenta, don tata ce mai jan murfi.

Wannan karon Marigold ba ta yi gardama ba. Ta yi gudu rabin tasha, ta ɗaga hanci, ruwa ya zubo daga ƙafafunta kamar igiyoyi, sai ga haske tsakaninta da teku. Dandamali ya ɗauki ihu. Huluna suka tashi sama, ɗaya ta faɗa ruwa. Awakin Goggo suka sake tarwatsewa a kan tudu.

"Ban ce muku za ta tashi ba?" in ji Kawu Eli.

Jirgin ya kewayo ta saman coci, wani hannu ya leƙo yana kaɗawa, sannan ya nufi arewa, sama da hazon.

Tunda guzurin ya riga ya fito, kuma ba wanda zai iya mayar da shi gida, sai aka yanke shawarar a cinye shi nan take. Aka shimfiɗa taru, aka yanka burodi, fasto ya miƙe zai yi ɗan jawabi aka cika masa hannu da nama. Mai kwalbar magani ya ce duk garin kamar da mura. Kowa na nuna ɗigon da ke ƙanƙancewa a sama, ana gardamar ko shi ne ko tsuntsu.

Hester ta sunkuya ta ɗauki tukunyar, da gurbin yatsun Ambrose a cikin fulawar. Ta rungume ta a ƙirji, ta ratsa ta bayan mutane, ta kama hanyar tudu.